Wainar Turawa a Murhun Inna

Ƴan uwana ɗalibai, akwai tambayar da ba mu cika yi ma juna ba ko da mun kwana ɗaki guda: da mi ka karya yau? Muna tambayar juna darasin jiya, muna tambayar ko bursi ya fito, amma zancen karin kumallo kowa ya bar ma cikinshi. A lurar da na yi tun daga firamare har zuwa inda muke yanzu, wajen abincin safe ne yaro ke fara sanin matsayinshi cikin mutane. In aka fita rekire, mai burodi da bota tsakiyar fili yake buɗe ledarshi don kowa ya gani. Mai masa, ko ƙosai, ko ɗumamen tuwo, sai ka gan shi ya sulale bayan kilas, ya ci da sauri ya goge baki. Babu mushen da ya koya muna haka, ba a rubuta shi cikin kowane littafi ba, amma dukanmu mun haddace.

Ni ɗiyar mai masa ce, don haka zancen ga nawa ne. Inna ta haura shekara ashirin tana tuya ƙofar gidanmu a nan Maraɗi. Daga ramun tandarta kuɗin kaye da bik da takalmin lakwal suka fito, nawa da na ƙannena huɗu. Kafin in tafi makaranta nakan ɗora tire in zaga layi biyu ko uku, in dawo in wanke hannu, amma ƙamshin mai da hayaƙi ba ya barin hijabi don an wanke hannu. Yaran kilas sun san wannan ƙamshi, kuma sun laƙa mini suna da shi. Ba kuka na zo yi muku ba. Na faɗi haka ne don ku san inda nake tsaye ina kallon abin da zan ba ku labarinshi, wato yadda muka koyi yin gofar a gidanmu, ranar Lahadi da safe, bisa murhun gawayi.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, gofar, wadda masu Ingilishi ke ce ma wafal, wata irin waina ce ta garin alkama da ƙwai da madara da mai. Ana gasa ta tsakanin ƙarafa biyu masu haƙora, sai ta fito da ƙananan ramu jere-jere kamar saƙar zuma. Sunan ma daga nan ya samo asali, don tsohuwar kalmar da Faransanci ya aro tana nufin saƙar zuma ne. Mu nan a fim muka fara ganinta, sai a bidiyon waya, sai kuma bayan gilas a shagunan kek na Yamai, inda kuɗin guda ɗaya ya isa a cika kwano da masa. Shi ya sa a ido da kunnen yawancinmu gofar abincin manya ce, ta masu firigo da mota.

Ƙarfen ya shigo gidanmu ta hannun Kawu, ƙanen Inna. Ya yi shekaru yana aikin kuku gidajen turawa a Yamai, kuma da maigidanshi na ƙarshe za ya koma ƙasarsu sai ya bar mishi tarkacen kayan girki. Cikinsu akwai wani baƙin ƙarfe mai nauyi, faranti biyu haɗe ta baya suna buɗewa kamar bakin kada, da dogayen hannuwa biyu. Ba ya aiki da kuran, bisa wuta ake ɗora shi. Kawu ya ajiye shi gaban Inna ya ce, "Yaya, ga tandar turawa na kawo miki." Inna ta buɗe, ta rufe, ta sa yatsa tsakanin haƙoran, ta ce, "Wagga tanda ko tarko? Ina ramin da ƙullu za shi zamna?" Ƙarfen ya yi watanni yana aikin tokare ƙofar ɗaki in iskar hunturu ta taso. Sai da babban hutu ya zo na matsa ma Kawu har ya yarda ya nuna mini.

Kafin in faɗi yadda ake yi, bari in faɗi abin da na samu da na bi asalinta, don shi ya fi ba ni mamaki. Gofar tsohuwa ce a Turai, ta haura shekara 600 a rubuce. Wani littafin kula da gida da wani mutumin Faris ya rubuta ma amaryarshi wajen 1393 ya kawo yadda ake haɗa ta. A wancan zamani babu gilas babu shago. Masu gashi ne ke kafa murhunsu bakin titi da ƙofar coci ranakun buki, su jira mutane su fito daga ibada, kamar yadda masu tuya ke zama hanyar Idi ko bakin tasha. Mai hali ya ci wadda aka sa ma ƙwai da madara da zuma, talaka ya ci ta gari da ruwa da gishiri, mai kauri, don ta riƙe ciki. Har faɗan wurin zama suna yi. A ƙarni na 16 sai da sarkin Faransa Sharl na 9 ya sa dokar cewa kowane mai gashi ya bar tazarar kimanin mita 4 tsakaninshi da ɗan uwanshi, saboda rigimarsu ta yi yawa. Duk wanda ya taɓa ganin masu tuya biyu sun yi ca a kan inuwar bedi ɗaya ya san irin wannan rigima.

Akwai kuma wani zane na 1559 da Pieter Bruegel Babba ya yi, yana nan ajiye a gidan tarihi na birnin Biyana, ƙasar Ostiriya. Ya zana dandalin gari ana cikin shagalin da Kiristocin can ke yi kafin su shiga azuminsu na kwana 40, lokacin da ake cinye ƙwai da mai kafin a ƙaurace musu. Cikin taron akwai wata mata ta duƙa gaban wutar itace, ƙarfe a hannu, kwanon ƙullu gefenta, tana gasa gofar. Ku nemi zanen a waya ku ƙara girman wurin, za ku gan ta. Na nuna ma Inna, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Allah sarki, ita ma hayaƙi na cin idonta." Ba ta tambayi ƙasar ba, ba ta tambayi shekarar ba. Abokiyar sana'a ta gani, ta kuma gane ta.

Yau in an ce gofar, Beljik ake tunawa, kuma can iri biyu suka fi suna. Ta Burusel doguwa ce mai kusurwa huɗu, ƙullunta ruwa-ruwa, ba ta da nauyi, ana barbaɗa mata garin sukari a sama. Ta Liyej kwaɓinta mai kauri ne kusan kamar na burodi, kuma ana zuba ƙwayoyin sukari masu tauri ciki, su narke a ƙarfe su yi ja kamar alewa. Ita ake riƙewa a takarda ana ci ana tafiya. Amurkawa ne suka mai da ita abin karyawa da safe sosai. A 1869 wani Cornelius Swartwout ya yi rajistar ƙarfen da ake juyawa bisa murhu, daga baya na lantarki ya zo, kuma a bajekolin duniya na birnin Niyok a 1964 wani ɗan Beljik, Maurice Vermersch, ya sayar da ita da kirim da ƴaƴan itace a kai har ta yi suna a ƙasar. Wannan ta adon, mai kirim a kai, ita ce ta iso gare mu ta fim da waya. Matar nan mai duƙawa gaban wuta an bar ta can baya.

To, ga yadda muke yi a gidanmu. Don mu bakwai, har da Kawu in ya leƙo, muna sa fulawa rabin kilo, ƙwai 4, madarar gari da aka dama ta kai kashi uku cikin huɗu na lita, man shanu narkakke babban cokali 8, sukari cokali 3, yis ƙaramin cokali 2, da ɗan gishiri. A ƙarfenmu wannan na ba da gofar 16, wani lokaci 18.

Aikin na farawa bayan sallar asuba. Ina dama madarar da ruwan ɗumi, irin ɗumin da za a yi ma jariri wanka. In ya fi haka zafi ya kashe yis, don yis abu ne mai rai, sukari yake ci ya fitar da iskar da ke kumbura ƙullu. Sai in ɗebi kaɗan cikin madarar in sa yis da cokali ɗaya na sukari, in jira har kumfa ta taso. Kafin nan na tankaɗe fulawa cikin roba, na sa gishiri da sauran sukari, na yi rami tsakiya. Nan ake zuba gwaiduwar ƙwai kaɗai, a ajiye farin gefe cikin busasshen kwano. A bi da madara da yis da man shanu, a juya a hankali har gudaji su ɓace, sai a tsaya. Ranar farko Kawu ya ja mini kunne tun kafin in ɗauki muciya: "Ɗiyata, wanga ba ƙullun hwanke ba ne, kada ki buga shi." Dalili kuwa shi ne alkama na da wani danƙo da gero da shinkafa ba su da shi. In kun taɓa wanke kwaɓin fulawa cikin ruwa, abin nan da ke saura a hannu yana ja kamar cingam, shi ne. Mai burodi da mai fanke na son shi ya tashi, shi ya sa suke bugu. Gofar kuwa in danƙon ya tashi sai ta yi tauri tana ja a baki. Ana rufe robar a bar ta kamar awa guda. Lokacin bazara ba ya kai haka, da hunturu yakan wuce.

Farin ƙwai shi ne wurin da ake gane mai haƙuri. Turawa na da injin bugawa, mu kuwa maburgin Inna muka ɗauko, wanda ake burga miya da nono. Sai dai a wanke shi a shanya ya bushe ƙarau, don in ɗigon mai ko gwaiduwa ya taɓa farin ƙwan, ba ya tashi ko za a kwana ana bugu. Ana murza maburgi tsakanin tafin hannu biyu, minti goma ko fiye, mu kan karɓi juna da ƙanwata. Da farko ruwa ne mai yauƙi, sai ya fara kumfa, sai ya yi fari fat ya ninka kanshi, har in ka ɗaga maburgin kumfar ta tsaya da kanta ba ta zuba. Iska ce ka tura ciki ta maƙale. Sai a juye shi cikin ƙullun da ya riga ya tashi, a ɗebo daga ƙasa ana rufawa sama, sannu-sannu, don kada iskar da aka sha wahalar sawa ta tsere.

Sai wuta. Gawayi ake so ya kama ya yi ja, harshen wuta ya mutu, a baje garwashin daidai. Ana ɗora ƙarfen a rufe, a gasa wannan gefe, a juya wancan, har duka biyun su ɗau zafi. Gwajin shi ne ɗigon ruwa: in ya faɗa ya yi rawa ya ɓace, ƙarfe ya kai. A shafa mai da tsumma mai tsabta sama da ƙasa, har cikin lungunan haƙoran. A zuba ludayi ɗaya tsakiya, kada a cika, don ƙullun za ya bazu da kanshi. A rufe, a juya nan take don ya gudu ya cika ɗaya farantin. Daga nan kuma tururi ake kallo. Za ka ga yana fita ta gefe da ƙarfi yana huci. Minti biyu ko uku a juya, wasu biyu ko uku a sake dubawa. In tururin ya ragu ya zama siriri, ta nuna. Wanda ya buɗe kafin nan za ya same ta ta rabe biyu, rabi a sama rabi a ƙasa, kuma kankare ta daga haƙoran nan aiki ne na rabin safiya. Ta farko ba ta cika kyau ba ko a hannun Kawu, kamar dai zubin farko na tanda, wanda Inna ke ba yara.

In ta fito, launin ƙasa-ƙasa mai ja, kada a jibge su bisa juna. Tururin ta ƙasa za ya jiƙa ta sama, duk ƙaras-ƙaras ɗin ya tafi. Mu kan jingina su tsaye a gefen faifai su sha iska kaɗan. Amfanin ramun kenan ma: suna ƙara faɗin wurin da ƙullu ke taɓa ƙarfe mai zafi, shi ya sa waje ke yin ƙaras ciki na da laushi, kuma in an zuba zuma sai kowane rami ya riƙe rabonshi. Ni da zuma nake ci, in babu in barbaɗa sukari. Lokacin mangwaro mu kan yanka a kai. Autanmu shi da yajin ƙuli yake so, Kawu na faɗa yana dariya. Inna kuwa ranar farko miyar jiya ta ɗumama ta tsoma, ta tauna, ta yi shiru, ta ce, "Ba laihi. Amma duk ƙwan ga, a ce ba ta yi daɗi ba ai da an shiga uku."

Ta kuma samu amsar tambayarta ta ranar da aka kawo ƙarfen. Tana kallon ta biyu na fitowa ta ce, "Au, ashe haka ne. Mu ƙullu ka shiga rami, su rami ka shiga ƙullu." Na daɗe ina juya wannan magana. Bambancin da ke tsakanin tanda da ƙarfen gofar bai wuce haka ba da yawa: ga ƙullun da ya kumbura, ga mai, ga wuta, ga mace ta tashi tun duhu don mutane su karya.

Maganar ƙwai da Inna ta yi lissafi ne, don mai sana'a ba ta cin abu ba ta ƙirga ba. A lokacin, a unguwarmu ƙwai ɗaya dala ashirin da biyar ne, masa ɗaya dala biyar. Ƙwai huɗun nan kaɗai sun tashi dala ɗari, kuɗin masa ashirin kenan, ba a yi zancen madara da man shanu da fulawa ba. Kuma fulawar nan doguwar tafiya ta yi kafin ta iso robarmu. Alkama ba baƙuwa ba ce gare mu. Kakanninmu sun san alkaki da fankasu da taliya, kuma har yau ana noma ta a lambunan Azbin da wajen Ƙonni. Amma wadda ake nomawa kaɗan ce. Mafi yawan garin da ke cikin burodinmu da fankenmu daga waje yake zuwa, a jirgin ruwa har gaɓar teku, sannan a babbar mota fiye da kilomita 1000. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, manyan masu sayar ma duniya alkama, muka ji shi wajen mai shayi. Da aka rufe iyakoki a 2023 muka ƙara ji. Gero kuwa ga shi nan bayan gari. Ƙasarmu na cikin ƙasashen da suka fi noma shi a duniya, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta ta sa ma 2023 suna shekarar gero. Abin da ke girma a rairayinmu da ɗan ruwan damina shi muke ci a ɓoye, wanda ya ƙetaro teku shi muke ɗagawa sama.

Inna ce ta kawo shawarar gwaji, Lahadi ta huɗu ko ta biyar. Ta ce, "Ke, rage hulawar nan ki cika da garin gero mu gani." Muka cire kashi ɗaya cikin uku muka sa garin gero mai laushi da aka tankaɗe sau biyu. Ta fito da ɗan duhu, da ƙamshi irin na tumun da aka gasa, kuma ta fi ta fulawa zalla ƙaras, tunda gero ba ya da danƙon nan mai sa tauri. Da muka kai rabi da rabi sai ta fara marmashewa wajen cirewa, don danƙon da ya saura bai isa ya riƙe ta ba, sai an ƙara ƙwai. Muka tsaya a kashi ɗaya cikin uku. Garin shinkafa ma ya yi, ya fi kowanne sa ta ƙaras.

Wata Lahadi kuma ba ta ce ma kowa komi ba, ta ɗebo ludayi ɗaya daga ƙullun masarta na sayarwa, wanda ya kwana ya yi tsami, ta shafe ƙarfen da mai fiye da yadda muka saba, ta zuba ta rufe. Babu ƙwai, babu madara, babu alkama ko ƙwaya. Ta fito siririya, ja, ramunta ras a jere, da ɗan tsamin nan na masa. Ƙannena suka sa mata suna masa mai ramu, kuma ita ce yanzu ake rububi a gidanmu.

Irin ta geron na tafi da ita makaranta wata Litinin, na raba ma ƙawaye. Cikinsu akwai waɗanda muka taso tare tun firamare, har da wadda ta fi kowa iya kiran tsohon sunan nan da aka laƙa mini. Suka karɓa hannu bibbiyu, suka ɗauki hoto kafin su ci, ɗaya ta ce, "Kai, ashe ke ƴar gayu ce ba mu sani ba!" Na yi dariya tare da su, don ba da mugunta ta faɗa ba. Amma ku duba da kyau. Hannuwan da suka yi ta su ne masu ɗaukar tire. Gawayin ɗaya ne, tsakar gidan ɗaya ce, hayaƙin da ke hijabina ran nan shi ne na kullum. Geron da ke ciki daga buhun da ake yin hura da shi aka ɗebo. Abin da ya sake kawai shi ne zanen da ƙarfe ya buga a kai. In zane ne ke raba abin alfahari da abin ɓoyo, to lalle akwai abin da ya kamata mu zauna mu tambayi kanmu.

Kuma in ana zancen gwaninta, ni da na yi duka biyun zan iya ba da shaida. Gofar Lahadi uku ta ɗauke ni na iya, don komi nata a aune yake: giram kaza, minti kaza. Masa kuwa tun ina goye nake kallonta. Ana jiƙa shinkafa ko gero, a kai niƙa, a dafa wani kashi a haɗa, a bar shi ya kwana. Da asuba Inna na buɗe tukunya ta shinshina ta san ko tsamin ya kai ko ya wuce, ta san ɗigon ruwan kanwa nawa za ya daidaita shi, ta san daren jiya an yi zafi don haka yau sai an rage. Ba ta da sikeli, ba ta da agogo. Tandarta kowane rami da irin zafinshi, na tsakiya ya fi na gefe, tana zubawa tana juyawa tana kwashewa, tana ba da canji, tana amsa gaisuwa, kuma da wuya ka ga ɗaya ta ƙone. Wannan ilimi ne, ko da babu takardar shaida a kanshi. Wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara.

Kada wani ya ɗauka cewa nake yi a bar gofar ko burodi. Gofar na da daɗi, kuma ina son safiyar Lahadin nan da kowa ke tsugune kewaye da murhu ana jiran tururi ya ragu. Koyon abin wasu ba laifi ba ne, taliya ma ai koyo aka yi har ta zama tamu. Ina ma ace masu zuba tukwanen alminiyam na kasuwanninmu su ga irin ƙarfen nan su kwaikwaya, tunda zubi ne kamar na tukunya da ludayi. Da yarinyar da ke neman kuɗin rajista ta samu abin sayarwa ƙofar lise, da garin gero a ciki. Ku da ke karatun noma da na abinci a Maraɗi da Tawa da Damagaram da Yamai, ga abin gwaji nan ya fi ƙarfin robar gidanmu: wane irin gero ya fi, kashi nawa za ya ɗauka, kwana nawa take yi ba ta lalace ba.

Mu kuma da muke kiran kanmu marubuta, namu aikin a fili yake. Abin da ya sa na iya bin tarihin gofar har shekara 600 baya shi ne wani ya zauna ya rubuta yadda ake yinta, wani ya ga mai gashi a dandali ya ce ta isa a zana. Ina roƙon kowa cikinmu, hutun nan mai zuwa, ya zauna kusa da innarshi ko kakarshi ko gwaggonshi da kaye da bik, ya tambaya: tiya nawa, ruwa nawa, awa nawa, mi ake yi in ya yi tsami, wa ya koya miki? Masa, ƙosai, kunun tsamiya, koko, ɗanwake, duk abin da ake karyawa da shi gidanku. Mu haɗa su mu buga a fitowa ta gaba, ko da shafi goma ne. Ni na fara nawa, na cika shafi shida a kan masa kaɗai, kuma Inna ta ce ban kai rabi ba.

Wanda ke son ganin ƙarfen da idonshi, ko ya gwada hannunshi wajen maburgi, ya same ni bayan taronmu na mako mu sa rana. Sharaɗi ɗaya Inna ta kafa: ranar Lahadi kaɗai, kuma kowa ya zo da ƙwanshi. Sauran kwana shida murhun na tanda ne, masu ita na jira tun kafin rana ta fito.